Sabon Direban Katin Hoto Ba Na Kowa Ba Ne

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da aka ware domin zana duk abin da ido yake gani a kan allo, kuma a wasannin kwamfuta na zamani shi ne yake ɗaukar aiki mafi nauyi, domin ana buƙatar ya zana sabon hoto sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa kafin motsi ya fito sumul ba tare da tsinkewa ba. Sai dai katin ba ya jin umarnin wasa kai tsaye, wasan kuma bai san yadda aka ƙera cikin katin ba, saboda haka ake sanya wata manhaja a tsakaninsu wadda ake kira direba, aikinsa kuwa irin na tafinta ne: wasa yana faɗin abin da yake so ta hanyar wasu ƙa'idoji da aka amince da su, kamar DirectX na kamfanin Microsoft ko kuma Vulkan, shi kuma direba yana mayar da wannan buƙata zuwa umarnin da katin zai iya aiwatarwa. Kamfanoni uku ne suke riƙe da wannan kasuwa, wato Nvidia, da AMD wanda ya shige ta bayan ya sayi kamfanin ATI a 2006, da kuma Intel, kuma kowannensu yana fitar da sabon direba kusan kowane wata, tare da saƙon da yake ɓullowa a kusurwar allo yana kiran mai kwamfuta ya sabunta. Masu wasa da yawa sun ɗauki wannan saƙo tamkar umarni, alhali kuwa kowane sabon direba an yi shi ne da wasu katuna da wasu wasanni a zuciya, kuma wanda katinsa da wasansa ba sa cikin wannan lissafi yana ɗaukar kasadar sabuntawa ne ba tare da an tanadar masa rabo a ribarta ba.

Dalilin yawan fitar da direba shi ne cewa aikinsa ya wuce fassara zalla. A cikinsa akwai gyare-gyaren da aka rubuta domin wasanni ɗaya bayan ɗaya, inda injiniyoyin kamfanin kati suke zama da masu ƙirƙirar wasa tun kafin ya fito kasuwa, su gano wuraren da yake ɓata ƙarfin katin a banza ko yake aika umarni a karkace, sannan su toshe ɓarakar daga nasu ɓangaren. Wannan ne ya sa Nvidia yake fitar da direbobin da ya raɗa wa suna Game Ready a ranar da babban wasa zai fito ko kwanaki kaɗan kafin ta, kuma wasu sababbin wasannin sukan ƙi buɗewa gaba ɗaya idan suka tarar da tsohon direba. Ga wanda ya sayi sabon kati domin sabon wasa, sabuntawa kusan dole ce, kuma babu wata jayayya a kan haka.

Tarihin katunan Arc na kamfanin Intel ya nuna iyakar alherin da direba zai iya kawowa. Lokacin da katunan A750 da A770 suka fito a watan Oktoba na 2022, ƙirarsu ba ta da laifi, amma direbansu bai iya magana kai tsaye da tsohuwar ƙa'idar DirectX 9 ba, wadda tsofaffin wasanni masu farin jini irin su Counter-Strike: Global Offensive suka dogara da ita, sai dai ya ratsa ta wata manhajar Microsoft mai juya tsohon umarni zuwa na DirectX 12, kuma wannan zagaye ya sa sabon kati yana jan ƙafa a wasan da katunan da suka girme shi da shekaru suke gudanarwa cikin sauƙi. A watan Disamba na wannan shekarar Intel ya fitar da direban da ya sake fasalin wannan hanya, ya kuma bayyana cewa saurin wasu daga cikin waɗannan wasanni ya kai ninki 1.8 na yadda yake a da. Ba a canza ko ƙusa ɗaya a jikin katin ba. Wanda ya sayi Arc ya ƙi sabunta direba a wannan lokaci ya bar wani babban kaso na abin da ya biya kuɗinsa a kulle, kuma abin lura a nan shi ne cewa irin wannan tsalle yana faruwa ne a shekarar farko ko ta biyu ta rayuwar kati, lokacin da injiniyoyi suke kan koyon abin da suka ƙera. Bayan nan ribar takan yi ta raguwa har ta koma abin da sai da ma'auni ake ganinsa.

Akwai kuma hujjar tsaro, wadda ta fi ta sauri ƙarfi ko da yake ba a cika ambatonta ba. Wani ɓangare na direban katin hoto yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda manhaja take da iko a kan komai, saboda haka duk kafar da aka gano a cikinsa tana iya ba mugun shiri damar mallake kwamfutar baki ɗaya. Kamfanonin suna fitar da sanarwar irin waɗannan kafofi lokaci zuwa lokaci tare da direban da ya toshe su, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mutum zama a kan direba ɗaya shekara da shekaru.

Amma wannan kusanci da zuciyar Windows shi ne kuma tushen haɗarin. Takardun da suka fito a shari'ar da aka yi da Microsoft a Amurka kan Windows Vista sun nuna cewa direbobin Nvidia ne suka haddasa kusan kashi 29 cikin 100 na faɗuwar kwamfuta da aka tattara a wani lokaci na 2007. Tun daga Vista ɗin Windows take da wani tsari na sa ido, wanda idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba sai ta kashe direban ta sake tayar da shi, kuma wannan ne abin da mai wasa yake gani idan hoto ya daskare, sauti ya maƙale a kan ƙara guda, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da sanarwar cewa direba ya daina amsawa amma ya farfaɗo, wasan kuwa ya riga ya rufe. Wani lokaci ɓarnar takan kai ga jikin na'urar. A watan Maris na 2010 Nvidia ya janye direbansa mai lamba 196.75 bayan an gano cewa yana hana fankar kati ƙara gudu idan zafi ya tashi, har wasu masu katuna suka kai ƙarar cewa nasu sun lalace.

Abin da ya faru da masu katunan AMD a watan Oktoba na 2023 ya fi ban mamaki, domin ya shafi mutuncin ɗan wasa ne a gaban abokan karawarsa. Kamfanin ya saka wata fasaha mai suna Anti-Lag+ a direbansa domin rage jinkirin da yake tsakanin danna maɓalli da ganin sakamakonsa a allo, kuma domin cim ma haka direban yana kutsawa cikin fayilolin wasan yana karkatar da wasu ayyukansu. Wannan ita ce ainihin dabarar da manhajojin maguɗi suke amfani da ita, saboda haka manhajar kama masu maguɗi ta kamfanin Valve ta shiga korar waɗanda suka kunna fasahar a wasansa na Counter-Strike 2, mutanen da laifinsu kawai shi ne sun sabunta direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katinsu. AMD ya janye direban, Valve ya ɗage korar daga baya, kuma da fasahar ta dawo a 2024 da sunan Anti-Lag 2 sai aka gina ta a cikin wasan da yardar masu shi. Garin neman gira an kusa rasa ido, kuma duk wanda ya yi jinkirin mako guda kafin ya sabunta ya karanta labarin ne kawai.

Farkon 2025 ya maimaita darasin da wani salo. Nvidia ya fara sayar da katunan RTX 5090 da 5080 a ranar 30 ga Janairu tare da sabon jerin direbobi masu lamba 572, nan da nan kuma koke ya yawaita game da baƙin allo da faɗuwar wasanni, har daga masu katunan RTX 40 da RTX 30 waɗanda suke aiki lafiya lau kafin su sabunta. Lamarin ya kai ga wasu masu ƙirƙirar wasanni, ciki har da na inZOI, sun shawarci masu katunan RTX 40 su koma direba mai lamba 566.36 na Disambar 2024. Masu sababbin katunan ba su da wannan mafita, domin tsohon direban bai san katinsu ba, amma masu katunan baya da suka sabunta saboda saƙo ya ɓullo sun sha wahala ne a kan direban da ba dominsu aka yi gaggawar fitar da shi ba. Hatimin WHQL da ake gani a jikin direba, wato shaidar cewa ya ci gwajin dacewa da Windows na Microsoft, bai hana ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin gwajin ba ya bin dubban wasanni da ire-iren allo da wayoyin haɗi da mutane suke da su a gidajensu.

Ko direban da ba shi da aibi yana da wata wahala da take rikita masu wasa. Wasannin zamani suna ɗauke da dubban ƙananan shirye-shirye masu lissafa haske da inuwa da launi, waɗanda dole direba ya mayar da su harshen katin ya adana su kafin wasa ya gudana lami lafiya, kuma da zarar an canza direba wannan ajiya takan tashi daga aiki, sai an sake ginata daga farko. Shi ya sa bayan sabuntawa wani wasan yake tsayawa mintuna masu yawa a shafin farko yana lissafi, wani kuma yake ta tsinkewa a sa'ar farko, mai shi ya yanke hukuncin cewa sabon direba ya lalace alhali ajiya ce take cika.

Duk wannan ya fi nauyi ga mai wasa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, inda kwamfutocin wasa da yawa na hannu ne, masu ɗauke da katuna irin su GTX 750 Ti na 2014 ko GTX 1060 na 2016. Nvidia ya fitar da direban wasa na ƙarshe ga waɗannan zuriyoyi a ƙarshen 2025, abin da ya rage musu shi ne gyaran tsaro duk bayan wata uku har zuwa Oktoban 2028, kuma tun kafin nan ma sababbin direbobi sun daɗe ba sa ƙara musu saurin a zo a gani. Direban Nvidia guda ɗaya ya haura megabait 600, wanda kuɗin data ne na gaske, ga kuma ɗaukewar wuta da take iya katse aikin a tsakiya ta bar kwamfuta da rabin direba. Sannan direba ba ya ƙara wa kati abin da ba a ƙera shi da shi ba: da wasan Alan Wake 2 ya fito a Oktoban 2023 yana dogaro da wata sabuwar hanyar zana siffofi da katunan GTX 10 ba su da ita a jikinsu, babu direban da ya cece su, sai da masu ƙirƙirar wasan suka gyara shi da kansu a shekarar da ta biyo baya. Ya kamata a ƙara da cewa da yawa daga cikin tsinkewar da ake ɗora wa direba a wannan yanki zafi ne yake kawo ta, domin ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, katin kuma yana rage gudunsa da kansa idan ya ɗumama, kuma maganin wannan yana wajen buroshi da sabon man sanyaya ƙwaƙwalwar kati.

Abin da ya dace shi ne a nemi dalili kafin a sabunta, dalilan kuwa sanannu ne: sabon kati, ko sabon wasa da direban ya ambata da suna, ko matsalar da ake fama da ita wadda aka ce an gyara, ko sanarwar tsaro. Kowane direba yana zuwa da takardar bayani mai jera abin da aka gyara da kuma matsalolin da kamfanin ya amsa cewa suna nan ba a warware ba, kuma wannan sashe na biyu, wanda kusan babu mai karanta shi, ya fi na farko amfani. AMD yakan bambanta direban da ya ba da shawarar a yi amfani da shi da wanda yake na zaɓi, Nvidia kuma yana da jerin Studio da ake fitarwa a hankali domin masu aikin bidiyo da zane, wanda yake gudanar da wasanni shi ma. Kafin a taɓa komai, a ajiye fayil ɗin direban da yake aiki a yanzu a kan filashi, domin ko da yake Windows tana da maɓallin komawa direban baya a cikin Device Manager, ba kullum yake samuwa ba. Idan abu ya rikice, ko an canza kati daga wani kamfani zuwa wani, masu gyara sukan yi amfani da manhajar kyauta mai suna DDU, wadda take share duk ragowar tsohon direba, kuma ana gudanar da ita ne bayan an tayar da Windows a yanayin kariya tare da cire intanet, don kada Windows ta yi riga malam masallaci ta saka nata direban. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka mai katin hoto biyu, ƙarami na aikin yau da kullum da babba na wasa, gara su fara duba shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, domin shi ne ya daidaita yadda katunan biyu suke karɓa-karɓa. Su kuwa manhajojin da suke tallar cewa za su sabunta dukkan direbobin kwamfuta da dannawa ɗaya, babu abin da suke bayarwa wanda babu shi kyauta a shafukan Nvidia da AMD da Intel, kuma wasunsu tallace-tallace da mugayen shirye-shirye suke shigowa da su.