Fitila na Kan Manyan Baƙi, Yaran na Cikin Duhu

'Yan uwana ɗalibai, musamman ku da kuka fito daga Bagudo, Kaoje, Illo, Lolo, Zagga da Tsamiya, kowa ya buɗe wayarsa ya duba hotunan da ya ɗauko a hutun da ya wuce. Ba na biki ko suna nake nufi ba. Na wasannin yara nake nufi: kokawar bayan girbi, langa, gasar makarantu da ake ƙarasawa a ɗakin taro, da yaran nan masu alkafura da ake kirawo su ɗumama fili kafin manya su shigo. Me ya fito? Babban baƙo ya fito tas, har zanen hularsa ana ƙirgawa. Kwalaben lemon da ke kan tebur sun fito. Yaron da aka taru dominsa kuwa ya zama wani hayaƙi-hayaƙi, ƙafa uku, babu kai. Ka nuna wa uwarsa, ta juya wayar sama ta juya ƙasa, ta ce, "Wanga shi ne ɗan nawa?"

Kowa wayar yake zagi. Wai da iPhone ce, wai da babbar kyamara ce. Ni ban yarda ba. Laifin yana wuri biyu: inda masu shirya taro ke aje fitila, da abin da mu masu ɗaukar hoton ba mu tsaya muka koya ba.

A duk taron da aka kunna janareta, ku lura da inda waya ta bi. Ƙwai uku ko huɗu a rumfar manyan baƙi, ɗaya a kan mai lasifika, ɗaya wajen mai shayi. Filin da yaro zai bar ƙasa ya juya a iska ya sauko da ƙafafunsa, shi ne ke samun ragowar haske. A ɗakunan taro na makarantu ma haka abin yake: fitilun da ke aiki suna saman dandamalin da shugabanni ke zama, tsakiyar ɗaki kuwa sai abin da ya rage, tagogi a rufe saboda 'yan leƙe. Wannan ya wuce matsalar hoto. Yana nuna wanda muka ɗauka shi ne mai taron.

Kyamara, ta waya ce ko babba, ido ce mai ƙyaftawa. Tana buɗewa ta sha haske ta rufe. In haske ya yi ƙaranci sai ta daɗe a buɗe, kamar kashi 1 cikin 30 na sakan. Ga mutumin da ke zaune a kujera yana gyara babbar riga, wannan ya isa. Amma a ce ƙafar yaro na tafiyar mita 5 a sakan lokacin da yake juyawa: kafin idon ya rufe ƙafar ta matsa kusan santimita 17, shi ne wannan jan hayaƙin da kuke gani. Kafin a tsayar da shi cak, ana son ƙyaftawar ta kai kashi 1 cikin 500 na sakan, inda ƙafar ba za ta wuce santimita 1 ba. To amma ƙyaftawa mai wannan sauri tana buƙatar haske ninki 16 na wancan. Nan gizo ke saƙar. Ko ka sayi wayar miliyan, in hasken babu, babu.

Shi ya sa tsarin dare da ke cikin wayoyinmu yake yaudarar mutane. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki hotuna da yawa cikin 'yan sakanni ya haɗe su wuri guda. Yana da kyau ga masallaci da daddare, ko gadar Tuga da magariba, don ba sa motsi. Ga ɗan kokawar da ya ɗaga abokin karawarsa kuwa, kafin wayar ta gama lissafinta an yi kaye, an ɗaga hannu, makaɗa sun canja kiɗa.

Sai kuma filashi, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Da zarar yaro ya ɗauko gudu, sai ka ga wayoyi goma sun haska masa fuska lokaci guda. Na farko dai, ɗan ƙwan da ke bayan waya bai wuce ya haska mita biyu zuwa uku ba. Daga inda kake tsaye ƙeyar na gabanka kawai yake haskawa, in kuma lokacin hunturu ne ya haska ƙurar da ke iska, hoton ya cika da fararen ɗigo kamar an watsa gari. Na biyu, kuma shi ne babba, akwai haɗari. Mai alkafura da idonsa yake neman ƙasa. Yana juyawa yana laluben inda zai dira, in ka dallare shi a wannan lokaci ka ɗauke masa ƙasar. A manyan gasannin jimnastik na duniya an hana 'yan kallo kunna filashi, kuma can fa katifu ne masu kauri a shimfiɗe, ga likitoci a gefe. Simone Biles ta Amurka, wadda samun kamarta a wannan wasa sai an tona, ta janye daga wasanni da dama a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda ta daina gane inda jikinta yake in tana iska, ta kuma san abin da faɗuwa a kan wuya ke jawowa. Wannan ƙwararriya ke nan. Namu yaron ɗan shekara goma sha ɗaya ne, a kan siminti ko busasshiyar ƙasa, kuma asibitin da zai iya duba karayar wuya ba a bayan gida yake ba. Don Allah a kashe filashin nan.

Wani zai ce, to malam, ka hana filashi, ka ce tsarin dare banza ne, mu yi yaya? Abu mafi araha shi ne haske na Allah. A sa wasan yara tsakanin la'asar da magariba, a buɗe tagogi da ƙofofi in a ɗaki ne, a bar jawabai su koma dare tunda jawabi ba ya motsi. Na san akwai uzuri: zafin rana, Islamiyya, gona, ga kuma babban baƙo da ba ya isowa sai ya ga dama. Amma sau nawa aka zaunar da yara tun azahar suna jiran mutum guda, har rana ta faɗi, sannan a ce su yi sauri su yi abin da suka yi wata guda suna koyo?

In kuma dole sai dare, to a matso da fitila. Akwai ƙa'idar da duk ɗan ajin farko a sashen lantarki ya sani: in ka rage nisan fitila da rabi, hasken da ke sauka ya ninka huɗu. Fitilar da ke mita 10 daga fili, ka dawo da ita mita 5, ka samu haske ninki huɗu ba ka ƙara ko lita ɗaya ta fetur ba. A kafa sanduna huɗu a kusurwoyin fili, a ɗaga fitilun sama sosai su kalli ƙasa a karkace, yadda ba za su shiga idon mai wasa ba. Fitilun sola masu batir, irin waɗanda yanzu suka cika kasuwanninmu, galibi sun fi na janareta daɗin hoto. Dalili kuwa, wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, ƙananan ƙwai masu araha suna yin ƙyaf-ƙyaf sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara mai saurin ƙyaftawa tana gani, shi ne za ka ga hoto ya fito da ratsi-ratsi, ko ɗaya da haske ɗaya da duhu. In janaretan ma na tari, abin ya ƙara lalacewa.

Sauran aikin na mai riƙe da wayar ne. Yawancin wayoyin Android suna da wurin da za ka saita da hannunka. Ka sa saurin ƙyaftawa a 1/500, in haske bai kai ba ka sauko 1/250, ka ɗaga ISO har inda hoton zai fito. Zai yi tsaki-tsaki, e, amma hoto mai tsaki da fuskar yaro a ciki ya fi mai santsi da babu kowa. Kada ka ja hoton da yatsa don ya matso, yanke shi kawai kake yi. Ka taka da ƙafarka ka je bakin fili, ka durƙusa, fitila ta kasance a bayanka ko a gefenka. Ka taɓa fuskar yaron a kan gilashin wayar don ta auna haske da shi, in ba haka ba fararen kaftanin 'yan kallo za ta bi, shi kuma ya dusashe. Masu aron babbar kyamara, ku nemi ɗan gilashin nan na 50mm f/1.8. Yana shigar da haske kusan ninki goma na gilashin da ke zuwa da kyamara in an ja shi ƙarshe, kuma yana cikin mafi araha.

Akwai kuma abin da ba a saitawa a waya, wato sanin wasan. Duk wanda ya yi tsalle akwai wani ɗan lokaci a can ƙololuwa da ya gama hawa bai fara saukowa ba. Nan ne motsi ya fi raguwa, nan ne kuma hoton ya fi kyau. A kokawa ma akwai shi, lokacin da aka ɗaga mutum ƙafafunsa suka bar ƙasa kafin a nana shi. Wanda ya taso yana kallon kokawa a dandali ya san wannan lokaci a jikinsa, yana jin zuwansa tun daga yadda makaɗi ya canja hannu. Wannan ilimi ne da ɗan Legas mai kyamarar miliyan biyar ba shi da shi, mu kuwa muna da shi kyauta, muna raina shi.

Me ya sa na damu haka da hoton yara masu tsalle? Don ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Yaran da ke alkafura a kan yashin bakin Kwara, mu a wurinmu ƙiriniya ce, har korarsu ake yi. A wani wurin wannan wasa ne mai alƙalai da maki da lambar zinare. Nadia Comaneci ta Romaniya shekararta 14 lokacin da ta ci maki goma cif a Montreal a 1976. A nan gida akwai gasar wasannin matasa ta ƙasa, ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, wadda Jami'ar Ilorin ta yi shekaru tana karɓa kafin a koma Asaba a 2023, kuma jimnastik na cikin wasanninta. Mai horarwa da ke Birnin Kebbi ko Abuja ba zai hau mota ya zo Tsamiya don an ce masa akwai wani yaro ba. Amma zai buɗe bidiyon sakan ashirin in ya fito sarai. Dambe ma ai haka ya fita duniya: da can sai wanda ya je gidan dambe, yau mutane a ƙasashen da ba su san ko kalmar Hausa ɗaya ba suna kallonsa a YouTube, don wasu sun tsaya sun ɗauke shi da kyau. Mu da ke bakin iyaka ma abin ya fi shafarmu. Daga Tsamiya zuwa Segbana, daga Lolo zuwa Madekali da Malanbil, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, wasa ɗaya. Ko lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019, hoto a WhatsApp bai tsaya a shingen kwastan ba. Abin da muke turawa can shi ne shaidarmu, kuma a yanzu hayaƙi muke turawa.

Sai dai hoto mai kyau yana da nasa nauyin, kuma wannan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Hoton da ya dusashe bai nuna kowa ba. Wanda ya fito tas yana nuna fuska, da bajen makaranta a ƙirji, wani lokaci har da allon da ke ɗauke da sunan garin. Mu a jihar nan ba sai an ba mu labarin abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba, kuma kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki. Saboda haka ɗauka daban, watsawa daban. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai kula da yaro kafin a yi amfani da bayanansa, kuma tun kafin dokar, tarbiyyar gidajenmu ta faɗi haka. Ka je ka gaida mahaifin, ka ce, "Baba, ga hoton da na ɗauka, in sa ko in bari?" In ya ce a bari, an gama magana. In ya yarda, kada ka haɗa cikakken suna da makaranta da unguwa a rubutu ɗaya. 'Yan mata kuwa, in ba malamarsu da iyayensu ne suka nema ba, ka mayar da wayarka aljihu.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan ƙananan hukumomi da ke cikin makarantar nan. Kuɗin da ake kashewa a makon al'adu wajen hayar kujeru da buga kalanda mai hotunan shugabanni, a cire kaɗan a sayi fitilun sola huɗu da sandunansu, su zama na aro. 'Yan lantarki su haɗa su, ya zama furojet na gaske maimakon wanda ake kwafowa a aje a kabad. Duk samista a ware yamma ɗaya a ɗakin taro, a rufe tagogi, a sa 'yan ƙwallo su yi ta tsalle, kowa ya gwada da wayarsa har hannunsa ya faɗa. Wanda zai tafi gida hutu kuma akwai wasa a garinsu, ya sa hannu ya ɗauki fitilun, ya isa filin tun kafin a kafa rumfa, don in aka riga aka ja waya zuwa teburin manya, ba mai sauraron ɗan makaranta ya ce a canja.