A daina ce musu aminan Nabaho

Jama'a, ni fa na gaji da jin ana cewa Turawan da suka buɗe kantuna a ƙasar Nabaho ta Amurka aminan ƙabilar ne. Ana ta yabon kantin Hubbell na Ganado, jihar Arizona, wanda iyali ɗaya suka riƙe daga 1878 har 1967. To, ya cinikin yake a irin waɗannan kantuna a wancan zamanin?

A da, mai kanti ke yanka kuɗin ulu da darduma, shi ke yanka na fulawa da kofi. Wasu ma kwandalar kanti suke biya da ita, wadda ba ta ciwuwa sai wajensu. Mutane su jinginar da sarƙoƙin azurfa, wa'adi na wucewa a sayar. Cek ɗin tallafin gwamnati ta hannun mai kanti yake biyowa, wasu su riƙe don bashi. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tona wannan a rahotonta na 1973.

Eh, sun nemo wa dardumar Nabaho kasuwa. Amma in mutum ɗaya ne mai awo, mai bin ka bashi, kuma mai riƙe wasiƙarka, wallahi sunansa ubangida.