USB-C: Baki Ɗaya, Gudu Daban-daban

Tun ranar 28 ga Disambar 2024 Tarayyar Turai ta wajabta kafar USB-C a sababbin wayoyi, yanzu kuma ta cika shagunan Tamale. To amma fa kama da wane ba wane ba ne. Na sayi kebul a kasuwar Aboabo don kwashe bidiyon biki zuwa kwamfuta, aikin minti biyar ya cinye mini awa guda. Ashe baki ne kawai iri ɗaya: wani megabit 480 yake ja a daƙiƙa, na Thunderbolt 4 kuwa gigabit 40. Dokar Turai ba ta taɓa batun gudu ba. A ganina, ya kamata hukumar ingancin kayayyaki ta Ghana ta tilasta rubuta gudun a jikin kwali.