Zauren Zango: Da Gwata Ake Auna Kansila

 

Ranar wata Asabar cikin watan jiya, bayan an sauko daga sallar asuba, na fito neman koko da ƙosai sai na tarar da kansilan unguwarmu, wato asambuliman kamar yadda muka fi kiransa a nan Gana, tsundum cikin gwata har gwiwa, da takalmin roba da shebur a hannu. Samarin da ke taya shi ba su fi ashirin ba. Sauran mutane kuwa suna zaune a benci suna kallo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kurɓi kokonsa ya ce, "Ai aikinsa ne, don haka muka zaɓe shi." Da yamma kuma na ji wannan dattijon dai a ƙofar masallaci yana cewa kansilan ba shi da kirki, wai an yi sunan jikarsa bai kawo ko sidi ɗaya ba, saboda haka kada ya sa rai da ƙuri'ar gidansu.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa da yawa daga cikinmu ba mu san abin da muka zaɓi kansila ya yi ba. Muna auna shi da ambulan ɗin biki da na jana'iza, alhali ma'auninsa yana nan a ƙofar gidajenmu yana wari.

Bari mu ɗan waiwaya. A shekarar 1988, zamanin mulkin Rawlings, aka kafa majalisun gundumomi guda 110 a ƙasar nan, kuma tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da su. Yau sun kai 261. Jama'a ke zaɓen kashi 70 cikin 100 na wakilan kowace majalisa, shugaban ƙasa ya naɗa sauran. Ba a tsayawa wannan zaɓe da sunan jam'iyya, kuma duk bayan shekara 4 ake yin sa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta fayyace aikin kansila: ya riƙa tuntuɓar mutanensa, ya zauna da su kafin zaman majalisa, ya kai kukansu, ya dawo ya gaya musu abin da aka yanke, ya kuma shiga cikin aikin gayya. Babu inda dokar ta damƙa masa asusu. Kuɗin raya gunduma yana hannun majalisa da shugabanta. Shekara da shekaru kansiloli ba su da albashi, daga ɗan alawus ɗin zama sai babur, sai a kasafin kuɗin 2025 ne aka ware musu alawus na wata-wata.

To mai karatu, mutumin da ba shi da asusu, me zai iya? Jarinsa baki ne da ƙafa. Na ga abin da namu ya yi da su. Kwantenar bola da ke gefen makarantar allo, wadda kan cika ta tumbatsa har awaki su mai da ita wurin kiwo, ya yi ta sintiri ofis har aka ɗauke ta zuwa bakin titi inda mota ke iya isa. Ya haɗa masu aboboya da masu gidaje aka tsai da ranakun kwasar shara da abin da kowane gida zai biya. Lokacin da aka yi shirin nan da Bankin Duniya ya tallafa, na gina salga a gidajen unguwannin talakawa na Ankara a kan rangwamen kuɗi, gida-gida ya bi yana roƙon masu haya su rubuta suna. Wasu sun ji, wasu sun ce ɗakin da za a mayar salga ya fi musu amfani a hannun ɗan haya. A irin waɗannan gidaje har gobe mata da yara ke bin layin salgar haya tun da duhun asuba, wanda ya kasa jira kuwa ya ƙulle a roba ya jefa gwata.

Kada a ce na zo yabon kansila ne. Yana da nasa laifin. Taron da doka ta ce ya yi da mu kafin zaman majalisa, sau biyu kawai na san an yi tun da aka zaɓe shi. Sannan ƙazantar da aka yaso daga gwata ran Asabar ɗin nan, an tara ta ne a bakin hanya ana jiran mota. Kwana tara mota ba ta zo ba, ruwan sama ya sauko ya mai da rabinta inda ta fito. Wahalar samari ta tafi a banza. Kamata ya yi ya tabbatar da mota tun kafin ya sa a yi shela. Na gaya masa haka ido da ido, kuma bai musa ba.

Amma wanda ya ce gwata ƙaramin abu ne, to ya manta da daren 3 ga Yuni, 2015. A daren nan ruwa ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah, wato Sakul, mutane suka fake a gidan mai, man da ke yawo a kan ruwa ya kama wuta, rayuka fiye da 150 suka salwanta. Shekara guda kafin wannan, a 2014, annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, fiye da 200 suka rasu, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. Bayan annobar ne gwamnati ta fito da ranar tsaftar ƙasa, Asabar ɗin farko ta kowane wata. Babbar gwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi cikin kogin Odo take zubawa, shi kuma ya bi ta Sakul ya faɗa tafkin Kole kafin ya kai teku. Robar piya wata da yaro ya jefar a ƙofar gida ba ta ruɓewa. Tana bin ruwa ta haɗu da dubban 'yan'uwanta su toshe kwalabati, ruwan da ya rasa hanya kuma sai ya nemi ɗakin wani. Mai juye bola a gwata idan hadari ya taso, yana cewa ruwa zai tafi da ita, ya sani cewa gidan wani bawan Allah yake aika ta. Wanda ya rage ya kwanta kuma shi ne gidan sauro, mu ne kuma masu biyan kuɗin maganin zazzaɓi.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu 'yan zango musamman. Kowa ya san abin da wasu ke faɗa idan an ambaci zango, kuma yana yi mana zafi. Gaskiya ne an daɗe ana barin unguwanninmu a baya wajen hanya da famfo da magudanar ruwa, shi ya sa ma aka kafa asusun raya zango a 2017. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A majalisar dokoki ta ƙasa muryarmu ba ta da yawa, amma a majalisar gunduma muna iya tura ɗan unguwa, mai jin Hausa, wanda idan gwata ta cika ɗakinsa ma ruwa zai shiga. Duk da haka, a zaɓen kansiloli na Disamba 2023, waɗanda suka fita a faɗin ƙasa ba su kai rabin masu rajista ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa har layi muke kwana, ranar zaɓen mutumin da ya fi kowa kusa da mu kuwa sai mu ce muna da kasuwa. Mata, waɗanda su ke shara, su ke ɗaukar bola, su ke jinyar yaro idan ya kamu, ba su kai ɗaya cikin goma na zaɓaɓɓun kansiloli ba. Wannan ma abin dubawa ne.

Saboda haka ga shawarata, tun da damina ba ta jiran kowa. Idan kansila ya zo gaisuwa, a bar maganar ambulan, a tambaye shi yaushe zai kira taro, me ya kai majalisa a madadinmu, me aka ce masa. Sarakunan zango da limamai su sa baki a ranar aikin gayya kamar yadda suke sa baki a hidimar Mauludi. Masu gidajen haya su ji tsoron Allah su gina wa 'yan hayarsu salga. Duba-gari, wato samansaman, idan ya kama mai zuba shara a gwata, kada mu ruga wurin kansila muna cewa ya je ya roƙa, domin da wannan roƙon muke ɗaure masa hannu. Shi kuma kansila ya tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya jawo 'yan kwamitin unguwa da ƙungiyoyin samari da na mata a jiki.

Shi kuwa dattijon nan mai koko, na je har gida na same shi. Na ce, "Baba, da ambulan ɗin suna da ruwa a ɗakin jikarka, wanne ya fi damunka?" Ya yi dariya ya ce shi gwiwa ba ta bari ya riƙe shebur, amma Asabar mai zuwa zai turo 'ya'yansa biyu da baro. Za mu gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da annoba, amin. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.