SHARHI: Idan Soja Ya Tashi, Wa Zai Gaji Filin Bariki A Kudancin Kaduna?

A watan Fabrairun 2017, Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya aza tubalin ginin sansanin soja a Unguwan Yashi da ke Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. An yi hakan ne bayan kashe-kashen da suka addabi ƙauyukan Jama'a, Kaura da Sanga a ƙarshen 2016. Ba a jima ba sai aka wayi gari wasu da ba a san ko su wane ne ba sun rushe tubalin. Gwamnatin jihar ta yi Allah wadai, jama'a kuma suka yi ta ce-ce-ku-ce. Ko mene ne dalilin waɗanda suka yi wannan aika-aika, lamarin ya nuna cewa a Kudancin Kaduna ba a raba maganar tsaro da maganar fili.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka kai hari, daga Kafanchan zuwa Kwoi, kukan shugabannin al'umma bai sauya ba: a ƙaro sojoji, a kafa musu sansani kusa da jama'a. Kuka ne mai hujja. Sai dai kowane sansani a kan gonar wani yake zama, kuma da wuya a ji an tambaya a gun taro abin da filin zai zama ranar da sojoji suka tattara nasu ya nasu.

Bariki ba ya dawwama

Tarihi ya nuna cewa wannan rana tana zuwa. Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Najeriya ta mayar da akasarin harkokinta zuwa Afaka, bayan birnin Kaduna ya zagaye tsohon mazauninta. A Jamhuriyar Nijar, sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disambar 2023, na Amurka kuma suka miƙa sansaninsu na Agadas a watan Agustan 2024, sansanin da aka kashe kimanin dala miliyan 100 wajen gina shi.

A yankin ma kadarori suna sauya aiki. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta ƙwace ta mallaka wa gwamnati, zuwa jami'ar tarayya. Kafanchan kuwa ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, amma da harkar jirgi ta durƙushe sai gidajen ma'aikata da filayen hukumar suka zama abin kallo. Hukuma na iya tashi, fili kuwa yana nan, kuma dole wani ya yanke shawarar wanda zai ci moriyarsa.

Nauyin fili a ƙasar Jaba

Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba kuma mazaunin Kpop Ham, gari ne da arzikinsa ke cikin ƙasa. Citta ita ce kuɗin makarantar yara, ita ce sadaki, ita ce kwanon rufin ɗaki. Da cuta ta faɗa wa citta a daminar 2023, manoman Jaba, Kachia, Kagarko da Jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu. Gonaki na gado ne, ana raba su tsakanin 'ya'ya da jikoki, saboda haka suna ƙara tsukewa. Iyalin da aka karɓi gonarsu domin bariki sun sallama abin da ba sa iya saya a kasuwa.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasar. A ƙauyen Nok na wannan ƙaramar hukuma aka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, wanda daga baya ya ba da suna ga ɗaya daga cikin tsofaffin wayewar Afirka. Duk wanda zai haƙa tushen ginin sabuwar unguwa a wannan yanki ya kamata ya fara jin bakin dattawa da masana kayan tarihi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, har da buƙatar Gwamnatin Tarayya. Sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba a kan darajar ƙasar kanta ba. Manomi yana karɓar kuɗin cittar da ke cikin gona da itatuwan ɗorawa, ya rasa gonar har abada.

Da zarar fili ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, ikonsa ya bar Kaduna ya koma Abuja. Dokar ba ta shimfiɗa wata hanya bayyananniya da za ta sa fili ya koma ga masu shi na asali idan dalilin karɓarsa ya gushe ba. A nan giɓin yake. Filin da aka karɓa da sunan kare rayuka zai iya zama fulotai da za a raba a ofis, masu hannu da shuni su saya, 'ya'yan masu gonar su dawo 'yan haya ko masu gadi.

Gaskiya ne dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari a karɓi ƙorafin jama'a, haka ma dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta wannan shekara. Amma sau da yawa abin da ake kira tuntuɓa taro ne na yini guda a zauren sakatariya, bayan an gama zane, an ba da kwangila. A karanta jawabi da Turanci, a ɗauki hoto, a watse.

Darasin kasuwar Zango

Kudancin Kaduna ya san farashin irin wannan gaggawa. Rikicin Zangon Kataf na Fabrairun 1992 ya samo asali ne daga shawarar sauya wa kasuwa mazauni, shawarar da wani ɓangare ya yi maraba da ita, wani kuma ya ƙi. Rikicin ya sake ɓarkewa a watan Mayu, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Kusan shekara talatin bayan haka, a 2020, gwamnatin jihar tana kan kafa kwamitin da zai duba rahoton Mai Shari'a Rahila Cudjoe a kan lamarin.

Kafanchan ma ta ga rikici a 1987, 1999 da 2011, kuma kowane ɗaya ya ƙara raba mazauna gari, Musulmi a wannan gefe, Kirista a wancan. A irin wannan yanayi, jerin sunayen waɗanda aka ba fuloti a sabuwar unguwa ana karanta shi ne kamar sakamakon zaɓe. Tsohon filin bariki, da yake ba unguwar kowane ɓangare ba ne, zai iya zama wurin da za a sake zama tare. Idan kuma aka raba shi a ɓoye, zai iya zama sabon abin faɗa.

Yadda wasu suka yi

A birnin Freiburg na ƙasar Jamus akwai unguwa mai suna Vauban, wadda barikin sojojin Faransa ce har zuwa 1992. Da suka tashi, hukumar birnin ta sayi filin, mai faɗin kusan hekta 40, daga gwamnatin tarayya. Mazauna birnin suka kafa ƙungiya a 1994, hukuma kuma ta amince da ita a matsayin bakin jama'a tun kafin a kammala tsari. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka dage har aka bar wasu tsofaffin gine-ginen barikin aka gyara su zuwa gidaje masu rahusa. An sayar da fulotai da yawa ga iyalai da suka haɗa kai suka gina gidajensu. A yau fiye da mutum 5,000 ne ke zaune a can.

Kwoi ba Freiburg ba ce, kuma aljihun ƙaramar hukuma a Najeriya bai kai nasu ba. Abin koyin shi ne lokacin da aka kira jama'a da kuma matsayin da aka ba su, wanda ba ya buƙatar kuɗi masu yawa.

Wani darasin daga Legas yake. Fashewar rumbun makamai a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, ta hallaka fiye da mutum 1,000, kuma har a 2023 rundunar soja tana aikin kwashe ragowar bama-baman da ba su tashi ba. Filin da soja ya zauna a kai yana buƙatar bincike da shara kafin a kai yara su yi wasa a cikinsa, kuma haƙƙin jama'a ne su ga rahoton.

Tun ran gini ran zane

Lokacin da ya fi dacewa a tattauna makomar filin bariki shi ne ranar da ake neman filin. A ranar ce al'umma ke da abin da gwamnati take so. Yarjejeniyar da za a rubuta tsakanin rundunar soja, hukumar filaye ta KADGIS, ƙaramar hukuma da masarauta ya kamata ta bayyana iyakokin filin, sunayen iyalan da suka bayar, da abin da zai faru idan sansanin ya tashi: ko fili ya koma ga masu shi, ko a ba su kaso da fifiko a cikin abin da za a gina.

Zaman shawarar kuma kada ya tsaya ga sarakuna da 'yan siyasa. Matan da ke bare citta, matasa, makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin, limamai da fastoci, da baƙin da suka daɗe suna kasuwanci a gari, duk suna da abin faɗa. A yi bayani da Hausa da harshen Hyam, a rubuta ƙorafi, a dawo da amsa a bainar jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Al'ummar da ta ba da gonarta domin a zauna lafiya ta riga ta biya nata kason. Abin da ya rage ga gwamnatin Uba Sani da hedikwatar tsaro shi ne su rubuta mata, tun sojoji na nan, cewa ba za a yanke hukunci a kan wannan fili ba sai da ita.