Bikin Kamun Kifi na Argungu: Yadda za a sha kallo ba tare da shan wuyar cunkoso ba

Duk shekarar da aka sanar da Bikin Kamun Kifi da Al'adu na Argungu, tambayar da ke fara zuwa bakin ɗan kasuwa a Kano ko ma'aikacin gwamnati a Abuja ita ce: yaushe za a tashi, kuma a ina za a kwana? Tambayar tana da nauyi, domin cikin kwana huɗu kacal garin yakan karɓi baƙin da suka fi ƙarfin masaukansa da titunansa.

Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya ƙara jawo masa baƙi daga ƙetare.

Sai dai cunkoson Argungu ba a shimfiɗe yake a kan kwanakin huɗu ba. Ya tattaru ne a safiyar ranar ƙarshe, lokacin da dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi girma. Gasar ba ta cika wuce sa'a guda ba. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Wannan sa'a guda ita kowa ke hari, har da ayarin gwamnoni da sarakuna, ga shi kuma babbar hanyar da ta taso daga Birnin Kebbi, mai nisan kilomita hamsin da wani abu, ita ce dai ta wuce zuwa Sakkwato. Wanda ya bar masaukinsa bayan hantsi a ranar, yana iya ƙare kallonsa a cikin mota.

Saboda haka mai dabara yakan iso tun ranar farko ko ta biyu. A kwanakin ne ake baje kolin amfanin gona, ake kokawa da dambe, ake kuma kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale, kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. A nan ake ganin gwanintar Kabawa a kusa, ba daga bayan shingen jami'an tsaro ba.

Su ne kuma kwanakin da suka fi dacewa da zaga gari. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina kuma aka mayar gidan tarihi a 1958, yana ɗauke da makamai da kayan sarautar Kabi da kaburburan sarakuna. Mai sauran lokaci yana iya ƙarasawa Gwandu ya ziyarci hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Ɗan kasuwa kuwa ba zai rasa abin dubawa ba a fadamar Rima, inda noman shinkafa ya jawo kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa a Argungu a 2017.

Game da masauki, yawancin baƙi a Birnin Kebbi ko Sakkwato suke kwana, kuma wanda bai kama ɗaki da wuri ba zai biya kuɗin da bai shirya ba. Mai zuwa ta filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello ya bar rarar kwana guda, domin hazon hunturu yakan jinkirta tashin jirage a arewa. Mai zuwa da mota ya yi tafiyarsa da rana, ganin yadda matsalar tsaro ta taɓa wasu sassan jihar a shekarun nan. Mai tafe da yara ko dattawa kuma ya tuna cewa daga Maris zafin yankin yakan haura digiri 40.

Duk wannan shiri yana rataye ne a kan abu guda: sanin rana. A nan babbar matsalar take. Bayan bikin 2009 sai da aka yi shekara goma ba a sake yi ba, har zuwa Maris na 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Bayan nan ma bai zama abin da ake dogara da zuwansa kowace shekara ba. Bikin da ba a san ranarsa ba, ma'aikaci ba zai iya neman hutu dominsa ba, mai otal ba zai ƙara ɗakuna ba, mai kaya kuma ba zai yi sari da wuri ba.

Ga kuma lissafin azumi. A al'ada ana yin bikin ne tsakanin Fabrairu da Maris, bayan ruwan kogi ya ja. To amma watan Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara: a 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Ke nan a 'yan shekarun nan azumi da Ƙaramar Sallah suna ratsa tsakiyar lokacin bikin. In an yi shi gab da azumi, ya haɗu da hada-hadar sayayya, lokacin da ɗan kasuwa ba ya son barin shago. In an kai shi bayan Sallah, ya faɗa zafin bazara, aljihu kuma ya riga ya yi sauƙi.

Wannan lissafi ba ɓoyayye ba ne, ana iya yin sa shekaru kafin lokaci. Abin da ya rage ga gwamnatin Jihar Kebbi da fadar Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ne su riƙa tsayar da rana watanni kafin bikin, su fitar da jadawalin kowace rana, su kuma ware hanyar manyan baƙi daban da ta jama'a. Kafin a kai ga haka, shawara ga mai niyya ita ce ya jira sanarwar hukuma, ya kama masauki nan take, ya iso da wuri, sannan ranar gasa ya yi sammako tun bayan sallar asuba.