Sun Ci Digiri da Waƙarsa, Shi Ko Kujera Bai Samu Ba

Watan jiya na halarci wani taron ƙara wa juna sani a wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, taro na kwana biyu a kan waƙar baka. Zaure ya cika, an jera manyan malamai a babban teburi, kowa da robar ruwa da katin sunansa a gabansa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na fito shan iska, sai na tarar da wani dattijo zaune a kan dakali a bakin zauren, shi da yaransa huɗu. Ya ɗora kotso a cinya ya lulluɓe shi da rawaninsa don kada rana ta narkar da danƙon da ke tsakiyar fatar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ba ku shiga ciki ba?” Ya ce, “An ce mu dakata, Malam, sai manya sun gama.” Tun ƙarfe takwas na safe suke wurin.

Sai da aka tashi cin abinci aka kira su. Rabin zauren ya nufi masallaci, rabi ya bi layin shinkafa. Dattijon nan ya ɗora yatsunsa a kan kotso, yaransa suka karɓa, bai ko gama shimfiɗa gindin waƙa ba mai gabatarwa ya fara kaɗa masa takarda wai lokaci ya ƙure. Aka miƙa masa ambulan a bakin ƙofa kamar wanda ya zo bara. A safiyar ranar kuwa, da kunnena na saurari maƙala uku a kan salon makaɗan kotso. Mutum uku za su kai takardun nan gaban kwamitin ƙarin girma. Mai kotson kuwa ko kuɗin tasi zuwa tasha bai samu ba.

Tun ranar abin yake ci na, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗauki wannan zalunci ne. Hausawa sun riga sun raɗa masa suna: a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Ku shiga ɗakin ajiyar kundaye na kowane sashen Hausa a jami'o'inmu, daga Kano zuwa Zariya zuwa Sakkwato, ku ƙirga kundin digiri nawa aka rubuta a kan Narambaɗa, da Ɗanƙwairo, da Jankiɗi, da Shata, da Ɗan Anace, da Barmani Choge. Turke da tubalansa, salo da sarrafa harshe, zambo da habaici, an tsefe su an sake tsefewa. Ban raina wannan aiki ba. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da ƙuruciyarsu suna bin makaɗa ƙauye-ƙauye suna rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu, kuma da ba su yi ba da mun yi asarar da ba ta ramuwa. Amma abin da jami'a ta ɗauka rabin waƙar ne kawai, wato kalmomin da ake iya kwantarwa a takarda. Ɗaya rabin, wanda yake zaune a hannu da hammata da maƙogwaro, an bar shi a waje a kan dakali. Ɗalibi zai kammala digiri na uku a kan waƙoƙin Shata bai san yadda ake matse tsarkiyar kalangu a hammata har ganga ta faɗi sunan mutum ba. Zai cika shafi hamsin a kan amshi bai taɓa tsayawa cikin 'yan amshi ya ji inda ake shiga da inda ake saki ba. Idan ka tambaye shi bambancin taushi da kotso a kunne, sai ya buɗe littafi.

Wai don kada a ce ba a yi komai ba, sai aka ƙirƙiro wata dabara, ita ce digirin girmamawa. A nan ne raina ya fi ɓaci, kuma zan tsaya a kai. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin dakta na girmamawa, Jami'ar Jos ma ta yi wa Ɗan Maraya irin wannan karamci. A zamaninsu wannan jarunta ce, don akwai masu ganin maroƙi bai isa ya taka dandalin yaye ɗalibai ba. Na yaba. To amma mene ne a cikin digirin girmamawa? Riga ce ta yini ɗaya, da hula mai tuntu, da hoto. A ko'ina a duniya ba ya zuwa da aji, ba ya zuwa da albashi, ba ya zuwa da ɗalibi ko ɗaya. Jami'a ta tsaya a gaban jama'a ta shaida cewa wannan mutum masani ne, har ta kira shi dakta, sannan dokokinta na ɗaukar aiki su ce bai cancanci ya koyar da 'yan ajin farko ba saboda ba shi da takardar sakandare. Wace irin shaida ce wannan? In ilminsa na gaske ne, me ya hana a zaunar da yara a gabansa? In kuwa ba na gaske ba ne, rigar ta mece ce? Shata ya rayu shekara 11 bayan rigar nan, ya rasu a 1999. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, ya tafi da sirrin kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya da ya zagaya duniya da shi. Yau muna kiran su Dakta wane, Dakta wane, muna jin mun sauke nauyi. Ba mu sauke komai ba. Kuma ita kanta rigar ta zube, tun da aka mayar da ita abin rabawa ga duk mai kuɗin da ya yi alkawarin gina ɗakin karatu, da duk ɗan siyasar da ake neman alfarma a wurinsa. Mutumin da ya shekara hamsin yana gina harshen al'umma da wanda ya sa hannu a cek jiya, riga ɗaya, hula ɗaya, layi ɗaya. Har makaɗan zamani sun gane kasuwar, kowa na neman inda zai samo “Dakta” ya liƙa a gaban sunansa, don sun ga abin da muke girmamawa ke nan.

Kada wani ya ce mini haka jami'a take a ko'ina. A Gana, tun farkon shekarun 1960 Farfesa Kwabena Nketia da abokan aikinsa a Jami'ar Gana da ke Legon suka shigo da gwanayen makaɗan gargajiya cikin jami'a a matsayin ma'aikata, suna kiɗa suna koyarwa. Daga wannan gidan Abraham Adzenyah ya fito, ya tafi Jami'ar Wesleyan ta Amurka a 1969, ya koyar da kiɗan gangunan Afirka ta Yamma har ya yi ritaya a 2016. Alhaji Abubakari Lunna, makaɗin Dagomba wanda gangarsa 'yar uwar kalangunmu ce, ya sha zuwa Jami'ar Tufts yana koyar da 'ya'yan Turawa. A Amurka ma suna da wani digirin dakta na masu kiɗa da hannu, wanda babban ɓangaren jarrabawarsa shi ne mutum ya hau dandali ya yi wasa a gaban malamansa su auna shi. Ko a nan gida Nijeriya, Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa tun 1961, wasu jami'o'in kudu suka bi sahu, suna yaye ɗalibai masu karanta rubutun kiɗa, masu jagorancin mawaƙa, masu koyarwa a makarantu. Mu da muke da kakaki da algaita da tambari a kowace fada, da goge da garaya da gurmi a kowace kasuwa, mun tsaya muna nazarin baiti.

Misalin da ya fi taɓa ni na maƙwabtanmu ne. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989. Malam Maman Barka, malamin makaranta ne da ya shahara da gurmi, ya yi aiki a wurin. Da ya ji cewa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar mai siffar kwalekwale na Buduma masunta a Tafkin Chadi, saura tsoho ɗaya ya iya shi a duniya, sai ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya durƙusa a gaban wannan tsoho, Bukar Tar, ya koya. Malami mai alli da allo ya zama almajirin masunci. Bayan rasuwar tsohon, Maman Barka ya ɗauki biram ya kai shi dandalin Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Abin da nake nema ke nan a wurin malamanmu, su yarda cewa akwai ilmin da sai an durƙusa ake ɗaukarsa.

Na san su ma malaman a ɗaure suke, kuma ina tausaya musu. Matashin malami a jami'a ba ya hawa sai da digiri na uku, ba ya zama farfesa sai ya tara maƙalu a mujallu. In ya kwashe shekara biyu yana koyon goge a wurin gwani, babu layin da zai rubuta wannan a fom ɗin ƙarin girma. In ya shirya wasa ya cika zaure, kwamiti zai tambaye shi a wace mujalla aka buga. Dole ya gudu daga ganga ya rungumi takarda, ga albashin da ba ya kai wata, ga yajin aiki. Haka ɗan makaɗi da ya tashi da kalangu a hammata tun yana shekara bakwai: ƙofar shiga jami'a tana tambayarsa kiredit biyar har da Ingilishi, ba ta tambayar me hannunsa ya iya. Amma dokokin nan mutane suka rubuta su, kuma majalisar malaman kowace jami'a tana da ikon ƙirƙiro muƙamin gwani mai koyarwa, ta ba shi albashi da aji, ta haɗa shi da malami mai rubutu su yi aiki tare. Ana kawo tsofaffin alƙalai da manyan ma'aikatan banki su yi lacca a matsayin baƙi, ba wanda ya ce ƙasa ta tsage.

Wani zai ce ai kiɗa abin saɓani ne a tsakanin malaman addini. Haka ne, kuma ban isa in yanke hukunci a kan abin da manya suka yi saɓani a kai ba. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda tsoron Allah, ba ya saurare, ba ya gayyata, ba ya ci da shi, ina girmama shi, ba da shi nake magana ba. Da wanda ya ci digiri da waƙar makaɗi nake, ya ci albashi da ita, ya je Umra da kuɗin alawus ɗin taro a kanta, sannan ranar da aka ce a ba makaɗin kujera ya tuna da saɓanin malamai. Addinin da yake fakewa da shi ya koya mana a biya ma'aikaci hakkinsa tun guminsa bai bushe ba, ya koya mana cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Waɗannan ba su da saɓani. Irin wannan fuska biyu ce muke yi a gidajenmu: ranar bikin 'yarmu mu aika a ɗauko makaɗi da mota, mu yi masa liƙi don ya ambaci kakanninmu, ranar da ɗansa ya zo neman aure a gidan mu ce ba ma haɗa iri da maroƙa.

Ga kuma sutudiyo ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta yana fitar da sautin kalangu da na algaita a minti biyar, sauti busasshe wanda ba ya magana, ba ya kiran take, ba ya amsa mawaƙi. Ban zargi yaran ba, abin da suka samu suka kama, kuma a cikinsu akwai masu basirar da in sun samu wanda zai koya musu za su ba duniya mamaki. Wa zai koya musu? Tsofaffin faya-fayan da aka naɗa a gidajen rediyo suna can zafi da ƙura suna cinye su, masu hannun kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya rasu sai a shirya taron tunawa da shi, a gabatar da maƙala goma.

Kafin dattijon nan ya tafi na raka shi bakin ƙofar jami'a. Na tambaye shi ko a cikin 'ya'yansa akwai wanda ya gaje shi. Ya ce babban yana acaɓa a Legas, ƙaramin yana gyaran waya, kuma shi da kansa ya hana su, don bai ga abin da za su ci a ciki ba. Yaran da ke masa amshi ma ba yara ba ne, mafi ƙanƙantarsu ya yi furfura. Na ce, “Baba, in aka ba ku ɗalibai za ku koya musu?” Ya tsaya ya gyara ratayar kotsonsa, ya ce, “Malam, ko biyu aka ba ni masu haƙuri, a shekara uku zan sa hannunsu ya yi magana.” Daga nan ya ce in nuna masa inda ake samun motar tasha, don kuɗin ambulan ɗin ba za su ɗauki su biyar a tasi ba.